Kotu ta faɗa tun 2003, 'yan jarida suka yi shiru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar fili a shafin wasiƙu, kuma ina ba da haƙuri tun yanzu, don maganar za ta ɗan yi tsawo. A kan ƙasar Japan ce, a kan wani mutum mai suna Johnny Kitagawa da yaran da ya lalata, da kuma manyan da suka sani suka kame bakinsu. Da yawa daga cikin waɗannan manya abokan sana'armu ne, ni da kai, shi ya sa na ga babu inda ya dace in kai ƙorafina sai wurin edita.

Na yi shekara 31 a ɗakin labarai na rediyo kafin in yi ritaya, kusan rabinsu a teburin labaran ƙasashen waje. A watan Yuli na 2019 ina haɗa wani ɗan shiri na mako-mako da muke kawo labaran mawaƙa da 'yan wasa na duniya, sai ga labarin mutuwar Kitagawa ya shigo daga kamfanonin dillancin labarai. Ya mutu ranar 9 ga wata yana da shekara 87. Labarin ya jero ƙungiyoyin mawaƙan da ya kafa, ya ambaci sunansa da ya shiga kundin Guinness, sai can ƙasa, dab da ƙarshe, aka ce an sha zarginsa da lalata da yara maza da ke ƙarƙashinsa. Daƙiƙa 40 kacal nake da ita. Na ja biro na soke wannan sakin layi. Na ce a raina mutum ya riga ya mutu, kuma ai zargi ne kawai. Na karanta sauran na wuce. Ban sake tunawa da shi ba sai bayan shekara 4, da na ga maza magidanta, wasu da furfura, suna zaune gaban kyamara murya na rawa suna ba da labarin abin da aka yi musu suna 'yan shekara 13. Daga nan na shiga bin diddigi, na gano cewa abin da na kira zargi, wata babbar kotu ta riga ta gaskata shi shekara 16 kafin ranar da na soke shi.

Bari in ɗan faɗi ko wane ne mutumin, domin sai an san girman inuwarsa za a gane dalilin da ya sa kowa ya fake a ƙarƙashinta. An haife shi a Los Angeles ta Amurka a 1931. Da ya zauna a Tokiyo sai ya tara yara yana koya musu wasan besbol, daga cikinsu ya zaɓi huɗu ya mayar da su mawaƙa a 1962. Daga nan kamfaninsa, Johnny & Associates, ya samo asali. Shi ya fito da salon samari kyawawa masu waƙa da rawa da tsalle-tsalle a kan dandamali, ya yi ta ƙyanƙyashe ƙungiya bayan ƙungiya: Four Leaves, Shonentai, Hikaru Genji, SMAP, Arashi, da sauransu. Kundin Guinness ya rubuta masa waƙoƙi 232 da suka zo na ɗaya a kasuwar faifai ta Japan. Yaransa ba waƙa kaɗai suke yi ba. Su ne jaruman wasan kwaikwayo na talabijin, su ne masu gabatar da shirye-shiryen raha da na girki, su ne fuskokin tallar giya da mota da inshora, har da karanta labarai an ba wasunsu. Da wuya mutum ya kunna talabijin da yamma a Japan bai ci karo da ɗayansu ba.

Hanyar shiga ita ce inda tarkon yake. Iyaye ko yayye mata ne sukan aika hoton yaro da takardar neman shiga. Idan an ɗauke shi sai ya zama ɗaya daga cikin ƙananan da ake kira Johnny's Jr., ya riƙa rawa a bayan manyan taurari, wani lokaci shekara da shekaru, yana jiran ranar da za a sa shi a ƙungiya a fitar masa da faifai. Yaran da yawa, gurbin kaɗan, kuma mutum ɗaya tak ke cewa wane zai fito, wane zai koma gida. Babu jarrabawar da yaro zai ci, babu wanda zai kai wa kuka. Waɗanda suka zo daga nesa, ko aka tashi atisaye da dare, sukan kwana a gidan Kitagawa, wanda ake kira masauki. Shaidun da aka tattara daga mutanen da ba su san juna ba, masu tazarar shekara 30 ko 40 a tsakaninsu, kusan bakinsu ɗaya: a ci abinci, a yi wanka, a kwanta, tsakar dare tsohon ya zo ya ce zai yi wa yaro tausa, daga nan ya wuce gona da iri. Da safe ya miƙa masa kuɗi. Yaran da suka riga shi shiga su ce masa ya daure, wanda bai daure ba ba ya fitowa.

Maganar ba ɓoyayya ba ce, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Tun a shekarun 1960 aka ambace ta a wata shari'ar kuɗi da ta shafi ƙungiyarsa ta farko. A 1988 Koji Kita, tsohon ɗan Four Leaves, ya rubuta littafi da sunansa ya faɗi abin da aka yi masa. Wasu tsofaffin yaran suka biyo baya da nasu littattafan. Manyan jaridu da gidajen talabijin suka yi kamar ba su gani ba. Sai a ƙarshen 1999 mujallar mako-mako ta Shukan Bunshun ta ɗauki makonni a jere tana buga shaidar yara. Jaridar New York Times ta ɗauki labarin a 2000, a shekarar ma wani ɗan majalisa ya tayar da zancen a majalisar dokokin Japan. Kitagawa da kamfaninsa suka kai mujallar ƙara, suka ce ta ɓata musu suna.

A 2002 kotun farko ta ba Kitagawa gaskiya, ta ci mujallar tarar yen miliyan 8.8. Mujallar ta ɗaukaka ƙara. A watan Yuli na 2003 Babbar Kotun Tokiyo, bayan ta duba shaidar yaran, ta yanke cewa abin da aka rubuta game da lalatar gaskiya ne a muhimman sassansa. Ta rage tarar zuwa yen miliyan 1.2, shi ma saboda wasu bayanai na daban, irin su batun ba yara taba da giya. A cikin shari'ar nan, da aka tambayi Kitagawa, ya ce ba zai iya fitowa fili ya ce yaran ƙarya suke yi ba. A watan Fabrairu na 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da ya ɗaukaka, hukuncin ya zauna daram.

Malam Edita, ka sa kanka a kujerar editan labarai a Tokiyo a wannan rana. Mutumin da ya fi kowa ƙarfi a harkar nishaɗin ƙasarka, wanda ɗaruruwan yara ke kwana a hannunsa, kotu ta ce labarin lalatarsa da yara gaskiya ne. Wannan ai kanun labarai ne na mako guda. Abin da ya faru shi ne wasu jaridu suka ba shi ɗan gurbi a shafukan ciki, gidajen talabijin kuwa kusan duka suka haɗiye shi. 'Yan sanda ba su kama shi ba, kamfanin bai raba shi da yara ba, masu talla ba su janye ba. Ya koma masaukinsa, iyaye suka ci gaba da aika hotuna.

Ga abin da wannan shiru ya haifar. Kauan Okamoto, ɗan Japan mai jinin Burazil, yana da shekara 7 lokacin da Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar. Ya shiga kamfanin a 2012 yana da shekara 15. Ranar 12 ga Afrilu, 2023, ya zauna a zauren ƙungiyar wakilan jaridun ƙasashen waje a Tokiyo, da fuskarsa da sunansa, ya ce Kitagawa ya yi masa haka sau 15 zuwa 20 tsakanin 2012 da 2016, kuma washegarin karon farko ya ba shi yen 10,000. A wajen taron wani ma'aikacin NHK, gidan talabijin na ƙasa, ya tambaye shi: da manyan kafafen labarai sun ba da labarin a wancan lokaci, da zai shiga kamfanin? Ya ce da wuya, da iyayensa ma ba za su bar shi ba. Na saurari wannan amsa sau da yawa. Shekara 8 ke tsakanin hukuncin Kotun Ƙoli da daren farko na Okamoto, kuma duk yaron da aka taɓa a cikin waɗannan shekaru da bayansu, akwai kason alhakinsa a wuyan editocin da suka ga hukuncin suka ajiye shi gefe.

Me ya rufe musu baki? Ba sai an tsoratar da kowa da bindiga ba. Gidan talabijin da ya ɓata wa kamfanin rai zai wayi gari babu tauraro ko ɗaya a shirye-shiryensa, masu kallo su koma tashar maƙwabta, masu talla su bi su. Kamfanonin ɗab'i suna cin riba da mujallu da kalandu masu hotunan yaran. Manyan jaridu kuwa da gidajen talabijin 'yan gida ɗaya ne ta wajen hannun jari, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Japanawa suna da kalma, sontaku, wato ka karanci abin da babba yake so ka aikata tun bai buɗe baki ba. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin labarai ya san wannan hali ko da bai san sunansa ba. Babu wanda zai ce maka kar ka buga. Kai da kanka za ka samo dalili mai kyau: labarin mujallar tsegumi ne, ba mu da lokaci, ba yau ba. An ga ƙarfin kamfanin a fili bayan da 'yan SMAP uku suka bar shi a 2017 suka kusan ɓacewa daga manyan tashoshi, har hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Japan ta ja wa kamfanin kunne a watan Yuli na 2019, kwanaki kaɗan bayan mutuwar mai shi. Duk da haka a watan Satumba na wannan shekara aka cika filin Tokyo Dome don yi masa ban kwana, aka karanta saƙon ta'aziyyar Firayim Minista Shinzo Abe.

Doka ma ta taimaka wa shirun. Kundin hukunta laifuka na Japan na 1907 bai san namiji a matsayin wanda za a iya yi wa fyaɗe ba sai da aka gyara shi a 2017. Shekarun amincewa da saduwa 13 ne tun 1907, sai a watan Yuni na 2023 majalisa ta ɗaga su zuwa 16. Dokar hana cin zarafin yara kuma ta taƙaita ne a kan abin da iyaye ko masu riƙo suka yi, ba ta kai ga shugaban kamfani ba. Yaro ɗan shekara 14 da zai je ofishin 'yan sanda a 1985, da wane suna zai kira abin da aka yi masa? Kuma wa zai yarda da shi, a wurin da ake ɗaukar irin wannan a kan namiji abin dariya ko abin kunyarsa shi kansa?

Daga waje aka fasa ƙwan. A watan Maris na 2023 BBC ta nuna wani shirin bincike da ɗan jarida Mobeen Azhar ya gabatar. Kusan duk abin da ke ciki an riga an faɗe shi a Japan, amma da yake ya fito da Turanci duniya ta gani, sai ɓoyo ya gagara. Ita ma BBC ta san ɗacin irin wannan, don a ƙarƙashin rufinta Jimmy Savile ya yi shekaru yana ɓarna ba a fallasa shi ba sai bayan ya mutu a 2011. Bayan Okamoto sai mutane suka yi ta fitowa. Wanda ya fi girgiza ni shi ne Yoshitsugu Hattori, dattijo mai shekara 78, ɗan wani shahararren mai tsara kiɗa, da ya ce Kitagawa ya fara taɓa shi yana da shekara 8, a shekarun 1950, tun kafin a kafa kamfanin. Shekara 70 yana ɗauke da wannan kaya. A ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Agusta tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, wadda Farfesa Damilola Olawuyi ɗan Nijeriya yake cikinta, ta gana da waɗanda abin ya shafa, ta ce zargin ya haɗa da ɗaruruwan mutane.

Tun a watan Mayu na 2023 Julie Keiko Fujishima, 'yar 'yar'uwar Kitagawa kuma shugabar kamfanin, ta fitar da ɗan bidiyon neman gafara, amma ta ce ita ba ta sani ba. Ranar 29 ga Agusta kwamitin bincike na mutum uku, ƙarƙashin tsohon babban mai gabatar da ƙara na ƙasa Makoto Hayashi, ya fitar da rahotonsa. Ya ce lalatar ta faro tun shekarun 1950, a cikin kamfanin kuma ta gudana daga farkon shekarun 1970 har tsakiyar shekarun 2010, kuma ko an yi ƙiyasi mafi ƙanƙanta waɗanda aka cuta ɗaruruwa ne. Ya ce yayar Kitagawa, Mary, wadda ke riƙe da kuɗi da mulkin kamfanin har ta mutu a 2021, ta san halin ƙanenta ta rufa masa asiri. Ya ce kamfanin na dangi ne, babu mai tsawata wa wani. Ya kuma ambaci shirun kafafen labarai a cikin abubuwan da suka sa ɓarnar ta daɗe.

Daga nan aka shiga abin da ake kira ɗaukar alhaki, kuma a nan ne nake da ja. Ranar 7 ga Satumba Fujishima ta sanar da saukarta daga shugabanci a wani taron manema labarai da ya wuce awa 4, amma hannun jarin kamfanin gaba ɗaya yana hannunta. Aka naɗa Noriyuki Higashiyama, tsohon ɗan Shonentai, wanda shi ma a gidan ya girma. Aka ce sunan kamfanin zai zauna yadda yake, wato sunan mutumin da suka amsa da bakinsu a wannan rana cewa ya lalata yara. Mataimakin shugaba, Suguru Shirahase, wanda ya yi shekaru yana kula da hulɗar kamfanin da 'yan jarida, ya ajiye aiki kwana biyu kafin taron, bai zo ya amsa tambaya ko ɗaya ba. Abin da ya sauya ra'ayinsu a kan suna shi ne aljihu: kamfanonin Asahi, Kirin, Suntory, Nissan, Japan Airlines da wasu suka ce ba za su sabunta kwangilar talla ba. Cikin makonni aka sanar da cewa kamfanin zai koma Smile-Up, aikinsa biyan diyya kaɗai sannan a rufe shi, mawaƙan kuma su koma sabon kamfani, wanda daga baya aka raɗa wa suna Starto Entertainment. Ban raina janyewar masu talla ba, ta yi aiki. Sai dai hukuncin 2003 a rubuce yake shekara 20, kuma waɗannan manyan kamfanoni suna da lauyoyi masu karanta hukuncin kotu. Wani tsohon shugaban Nestlé na Japan, Kozo Takaoka, ya ce shi tun da can ya ƙi sa yaran kamfanin a tallarsa saboda abin da yake ji. Ashe ana iya ƙi.

A taron 2 ga Oktoba, inda aka sanar da sabon sunan, an ce mutum 478 sun kawo kansu, 325 daga ciki suna neman diyya. Kwana biyu bayan haka NHK ta bankaɗo cewa kamfanin da aka ɗauka ya shirya taron ya zo da takarda mai ɗauke da hotunan 'yan jaridar da ba za a ba su damar tambaya ba. Kamfanin mawaƙan ya ce ba da yawunsa aka yi ba. Ko ma yaya ne, a ranar da ake cewa an tuba daga rufe bakin 'yan jarida, akwai jerin bakunan da za a rufe a hannun masu raba makirufo.

Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka kai kansu sun kai kimanin 1,000, an biya sama da 500 ta hannun kwamitin tsofaffin alƙalai uku. Diyya haƙƙi ce, kuma na yi murna da duk wanda ya karɓa. Amma kamfanin da ya yi laifin shi ya kafa kwamitin, shi ke riƙe da takardun da za su nuna ko yaro ya taɓa zama a cikinsa, alhali shekaru da yawa ba a ma rubuta wa ƙananan kwangila. Wasu an ce musu ba a ga shaidar zamansu ba. Biyu daga cikin tsofaffin yaran, Junya Tanaka da Kyohei Iida, sun tsallaka har jihar Nevada ta Amurka a watan Disamba na 2024 suka shigar da ƙarar dala miliyan 300, bisa cewa a wani otal na Las Vegas aka cuce su.

Abin da waɗanda suka yi magana suka gamu da shi a intanet kuwa, ba na iya karanta shi ba tare da na ajiye waya ba. Aka ce maƙaryata ne, kuɗi suke nema, sun kasa yin suna ne suke huce haushi, me ya sa sai da ya mutu. Akimasa Nihongi, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi magana, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasar Ailan saboda tsangwama. A watan Oktoba na 2023 aka tsinci gawar wani ɗan ƙungiyar waɗanda aka cuta, mai shekara 40 da 'yan kai, a yankin Osaka. Iyalansa suka ce zagin intanet ya dame shi ƙwarai, kuma ya yi watanni yana jiran kamfanin ya tuntuɓe shi. Masu cewa me ya sa sai yanzu, a nuna musu littafin 1988 da hukuncin 2003. An faɗa tun yana raye, da ƙarfinsa, da lauyoyinsa.

Akwai wani abu mai wuyar fahimta da nake so mai karatu ya yi wa adalci. Wasu daga cikin mazan nan, har da Okamoto, sun ce har yanzu suna gode wa Kitagawa don shi ya buɗe musu ƙofar waƙa. Masu kare shi sun riƙe wannan a matsayin hujja. Ni kuwa a nan na fi ganin zurfin cutar. Yaron da aka ciyar, aka yaba masa, aka ce shi na daban ne, aka ɗora shi kan dandamali gaban dubban mutane, kuma hannun da ya yi masa wannan duka shi ne ke lalubarsa da dare, ta yaya zai raba ɗaya daga ɗaya? Ya girma da godiya da ƙyama a ƙirji guda. Mawaƙan da ke aiki yanzu ma ban ga dalilin jifansu ba, ta yiwu a cikinsu akwai masu ɗauke da irin wannan ciwo ba su shirya faɗa ba, kuma babu wanda ke da ikon tilasta musu.

Tambayata a kan rayayyu ce. Kitagawa ya tafi inda za a yi masa hisabin da ba a ɗaukaka ƙara, Mary ma haka. Amma mutum ɗaya ba ya lalata ɗaruruwan yara cikin shekara 40 shi kaɗai. Akwai masu tuƙa yaran zuwa masauki, akwai masu tsara wanda zai kwana ina, akwai manajojin da yaro ya kai wa kuka suka kawar da kai. A 2024 Higashiyama da kansa ya gaya wa BBC cewa an gano wasu ma'aikata biyu da su ma suka ci zarafin yara, kuma kamfanin bai kai su wurin 'yan sanda ba. Gwamnati ta buɗe layin waya don maza da aka ci zarafinsu, majalisa ta yi dokar duba tarihin masu neman aiki da yara a 2024, amma ba a kafa kwamitin bincike na ƙasa mai ikon kiran mutum ya rantse ba. Gidajen talabijin kowanne ya binciki kansa da kansa, ya yi shiri na musamman ya ce a lokacin sun ɗauki maganar tsegumin mujalla, ba su fahimci cin zarafin maza ba, sun yi nadama. NHK ta hana mawaƙan kamfanin shiga babban shirinta na waƙoƙin daren sabuwar shekara a 2023, karo na farko cikin shekara 44, zuwa Oktoba na 2024 ta ce za ta koma aiki da su. An sauke allon suna daga jikin bene, Guinness ta goge bajintarsa, amma mutanen da suka yanke shawarar binne hukuncin kotu sun yi ritaya da mutuncinsu ko suna nan a ofis.

Shin an koyi darasi? Ka dubi abin da ya faru a Fuji TV. A watan Yuni na 2023, daidai lokacin da ƙasar ke tafasa da maganar Kitagawa, wani abu ya faru tsakanin Masahiro Nakai, tsohon jagoran SMAP kuma babban mai gabatar da shirye-shirye, da wata ma'aikaciyar tashar. Shugabannin tashar sun sani, suka bar shirinsa yana tafiya kusan shekara ɗaya da rabi. Mujallun mako-mako ne dai suka sake tona zancen a watan Disamba na 2024. Tashar ta kira taron manema labarai ta hana shiga da kyamara, masu talla da dama suka janye, sannan aka yi taro na biyu da ya wuce awa 10, shugaban tashar da shugaban hukumar gudanarwarta suka sauka. Nakai ya bar sana'ar a watan Janairu na 2025. A ƙarshen Maris kwamiti mai zaman kansa ya ce abin da ya faru cin zarafi ne ta hanyar lalata da ke da nasaba da aiki, lauyoyin Nakai kuma suka ƙi amincewa da wannan siffantawa. Akwai ci gaba: wannan karon makonni aka ɗauka, kuma kujerun manya sun girgiza. Amma har yanzu ƙaramar mujalla ce ke fara magana, kuma sai kuɗin talla ya motsa ake jin kunya. 'Yan mata mawaƙa ma suna da nasu labarin: a watan Janairu na 2019 Maho Yamaguchi ta ƙungiyar NGT48, wadda wasu maza biyu suka far wa a ƙofar gidanta, ita ce ta tsaya kan dandamali tana ba da haƙuri don ta tayar da hankalin jama'a.

Ni ba ni da ikon hukunta editocin Tokiyo daga nesa kamar ban san kujerar ba. Nawa sakin layin ƙarami ne, ba zai ceci yaro ko ɗaya a Japan ba, amma dalilan da na ba kaina a ranar su ne dai dalilan da suka ba kansu, kuma ba wanda ya matsa mini. Shi ya sa nake roƙon jaridarka ta ci gaba da bin wannan labari: yadda shari'ar Nevada za ta kaya, makomar waɗanda aka hana diyya, da ranar da Smile-Up zai rufe, a ga ko takardunsa za su shiga hannun masu bincike ko za su tafi tare da shi.

Idan fili ya yi maka kaɗan, Malam Edita, ka yanke duk inda ka ga dama a wasiƙar nan. Abu biyu kawai nake roƙon ka bar mini: sakin layin hukuncin 2003, da amsar da Okamoto ya ba ma'aikacin NHK.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin labarai na rediyo